Ciwon Hanta Iri na C: Sau Nawa Za a Auna Jini?

Ku da ku ke zaune bisa benci kuna jiran malamin ɗakin magani ya kira ku, wanda ya iya karatu a cikinku ya ɗaga murya ya karanta wa sauran, gama zancen na kowa ne.

Ran nan wani tela daga Rijiyar Lemo ya zo wurina da takardar awo a hannu, ransa a ɓace. An ce yana da ciwon hanta iri na C, an ɗora shi kan magani na mako 12, likita kuwa ya ce masa kada ya sake awon ƙwayar cutar sai bayan ya gama maganin da wajen wata uku. Da ya koma gida wansa ya ce, "Haba! Wannan likita bai san aiki ba. Ni da na yi jinyar maigidana na Kantin Kwari shekarun baya, sau biyar ko shida aka auna shi." Telan ya dube ni ya ce, "Malam, wanne zan bi?" Na ce masa, "Yayanka bai yi ƙarya ba, likita kuma bai yi kuskure ba. Zamani ne ya juya." To, labarin yadda ya juya shi zan ba ku yau, domin wanda ya san dalilin abu ba a ruɗa shi a zaure.

Tun kaka da kakanni mun san shawara. In ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, sai a nemo saiwa a jiƙa. Turawa ma sun daɗe ba su fi mu sanin asalinta ba. Sai lokacin yaƙin duniya na biyu likitocin soja suka lura cewa shawara mai yaɗuwa iri biyu ce. Ɗaya ta kan shiga ta baki, watau ta ruwa da abinci marasa tsabta, ta fito da wuri. Ɗayar kuwa ta jini ta ke bi, ta allura ko ƙarin jini, ta kan yi watanni kafin ta nuna. A 1947 wani likitan Ingila, MacCallum, ya sa musu suna A da B. Suna dai aka sa, ba wanda ya ga ƙwayoyin tukuna. Wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar B cikin jini a wajen 1965, aka gano ƙwayar A a 1973. Sai mutane suka ce shi ke nan, an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. A babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, kusa da birnin Washington, akwai wani likita mai kula da ma'ajiyar jini, sunansa Harvey Alter. Ya ga a wajen 1970 kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda aka yi wa aikin zuciya aka ƙara musu jini mai yawa su kan kamu da ciwon hanta daga baya. Aka daina sayen jini daga masu sayarwa, aka fara tace B, abin ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba. A 1975 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin waɗanda suka rage ba A ke damunsu ba, ba kuma B ba. Da ya ke ba a san mece ce ba, sai aka riƙa kiranta "ba A ba, ba B ba". Shekara 14 tana ɗauke da wannan suna. A 1989 Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo, a wani kamfani mai suna Chiron a Kalifoniya, suka kamo ta bayan wahalar shekaru, aka sa mata C. Shekarar da ta biyo aka fara tace jinin da za a ƙara wa mutane. Daga baya Charles Rice ya tabbatar cewa ita kaɗai ta isa ta kawo ciwon. A 2020 aka ba Alter da Houghton da Rice lambar yabo ta Nobel.

Abin da ya sa ta daɗe a ɓoye shi ne halinta. Yawancin waɗanda ta kama ba su yin shawara, ba su jin komai. Mutum ya kan yi shekara 20 yana noma, yana cin kasuwa, ita kuwa tana cin hanta sannu sannu. Cikin mutum 100 da ta zauna a jikinsu, 15 zuwa 30 hantarsu kan ƙandare cikin shekara 20. Daga nan ne a kan ga ciki ya kumbura da ruwa, ko aman jini, ko daji ya fito a hanta, mutane su ce sammu ne.

Ƙasar da ta fi kowa shan wuyarta a da ita ce Masar. Daga shekarun 1950 har zuwa wajen 1980 gwamnatinsu ta yi yaƙi da tsargiya, watau fitsarin jini, ta hanyar allura. A kan jera mutanen ƙauye a yi wa kowa, da sirinjin kwalba wanda ba a tafasa shi yadda ya kamata ba tsakanin mutum da mutum. Niyya mai kyau ce, ba kuwa wanda ya san da wata cuta C a lokacin. Amma da aka yi bincike a 2008, wajen mutum 15 cikin 100 na manyansu suna ɗauke da alamarta.

Mu ma mun yi zamanin sirinjin kwalba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya kafu jim kaɗan bayan haka, ciniki ya buɗe tsakaninsa da Fagge, kayan Turai suka yawaita, har da magunguna. Bayan yaƙi, da fenisilin ya zo yana warkar da gyambo cikin kwanaki, allura ta yi farin jini. Har yau akwai tsohon da in ka ba shi ƙwaya sai ya ce ba ka yi masa magani ba. Ina yaro na ga ana tafasa sirinji bisa risho, na kuma ga mai allura na unguwa wanda ruwan kwano kawai ya ke tsoma tasa. Ga askar wanzami wajen ƙaho da tsaga da kaciya da cire belu, ga reza ta mai yankan farce. Ba na zagin sana'ar kowa, wanzamai da yawa yanzu sabuwar reza su ke ɓarewa a gabanka. Abin nufi, jini ta ke bi. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, don haka kada a ware mai ita. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cikin 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, kamar 8 cikin 100 suna da B, kamar 1 cikin 100 suna da C. Ɗaya cikin ɗari a gari mai yawan Kano ba ƙaramin taro ba ne.

Yanzu ku kasa kunne, gama nan ne mutane suka fi ruɗewa. Awon C iri biyu ne. Na farko shi ne wanda a ke ɗiga jinin yatsa a ɗan tsinke, a sami amsa cikin 'yan mintoci. Wannan sawu kawai ya ke nunawa. In ka ga sawun kura a bakin garke, ka san ta zo, amma ba ka sani ba ko tana nan ko ta wuce. Wajen mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kori cutar da kansa cikin wata 6 na farko, amma sawun yana nan har ƙarshen rai. Awo na biyu shi ke neman ita kanta ƙwayar, ya ƙidaya yawanta cikin jini. Likitoci suna kiransa PCR, dabara ce da wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙago a 1983. Shi ne mai tsada, shi ne kuma telan nan ya ke tambaya a kai. Ba a fara magani da sawu kaɗai, sai ƙidaya ta nuna ƙwayar tana nan.

In ka karɓi takardar ƙidaya ka ga an rubuta dubu ɗari biyar ko miliyan uku, kada gabanka ya faɗi. Yawancin masu cutar haka lissafinsu ya ke. Yawan lambar ba ya nuna yadda hanta ta lalace. Akwai mai miliyoyi da hantarsa lafiya lau, akwai mai 'yan dubbai da tasa ta ƙandare.

To, me ya sa aka auna maigidan nan na Kantin Kwari sau biyar ko shida? Maganin zamaninsa ne ya sa. Sunansa intaferon. An fara gwada shi a 1986, tun cutar ba ta da suna, aka amince da shi a Amurka a 1991. Allura ce sau uku a mako, waɗanda ta ke warkarwa kuwa ba su kai 2 cikin 10 ba. A 1998 aka haɗa ta da wata ƙwaya, ribabirin. A 2001 aka gyara allurar ta koma sau ɗaya a mako. Duk da haka, ga mai ɗauke da iri mai taurin kai, wanda a ke kira na 1, sai ya yi mako 48 yana sha, kuma wajen rabi ne ke warkewa.

Wanda bai ga mai shan intaferon ba, bai san wuyarsa ba. Bayan kowace allura sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kamar cizon sauro ya kwantar da mutum, mako bayan mako har kusan shekara. Gashi ya zube, abinci ya fita rai, jini ya ragu, wasu baƙin ciki ya rufe su har iyali su rasa gane kansu. Allurar sai an ajiye ta cikin firji, ku kuwa kun san halin wutarmu. Kuɗinta kuma, sai mai shago ko mai gonar sayarwa. Ina farkon aiki na ga wani magidanci ya bari a wata na biyar, ya ce gara ciwon da maganin.

Da ya ke maganin yana da wuya haka, ga tsada, ga rashin tabbas, sai likitoci suka nemi hanyar da za su gane tun da wuri wanda zai amfana da wanda wahalar banza zai sha. Ƙidaya ita ce hanyar. A kan auna kafin a fara. A auna a mako na 4: in ƙwayar ta ɓace tun nan, alama ce mai kyau, wani ma a rage masa watanni. A auna a mako na 12, nan ne babbar mahaɗa: in yawan ƙwayar bai ragu ninki 100 ba, watau mai miliyan ɗaya bai sauko dubu goma ba, an san da ƙyar zai warke, sai a dakatar. A auna a mako na 24: in har yanzu ana ganinta, a dakatar. A auna ranar gamawa. Sa'an nan a jira mako 24 a yi na ƙarshe. Ku ƙidaya, shida ke nan. Kowane ɗaya yana da aikinsa, gama amsarsa ita ke faɗa wa likita ya ci gaba, ko ya rage, ko ya tsaya.

Cikin Disamba 2013 aka amince da wata ƙwaya a Amurka, sofosbubir, wadda ke toshe wa cutar hanyar haihuwa kai tsaye. Wasu irinta suka biyo baya, kamar daklatasbir da belfatasbir. Ba allura, ba zazzaɓi, sau ɗaya a rana. Amma farkon fitowarta ƙwaya ɗaya dala 1,000 ce, na mako 12 dala 84,000. Duniya ta yi ca. A 2014 kamfanin ya ba masu yin magani na Indiya izni su yi irinta da araha domin ƙasashe matalauta, Masar ma ta shiga yin tata, farashi ya yi ta faɗuwa har ya koma ƙasa da dala 100 a wasu ƙasashe. Masar ɗin da allura ta jefa cikin wahala ta tashi a 2018 ta auna mutanenta fiye da miliyan 50, ta yi wa miliyoyi magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ita ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da cutar. A nan gida jihar Nasarawa ta ɗaura nata shirin a 2020, tana amfani da injin nan GeneXpert na awon majinar masu tarin fuka wajen ƙidayar C.

Da sababbin magungunan suka zo, likitoci sun ɗan ci gaba da awon mako na 4, don sabo. Sai aka duba aka ga ba ya canza komai. Fiye da mutum 95 cikin 100 suna warkewa in sun sha daidai. Wanda ƙwayarsa ta ɓace a mako na 4, dole ya ƙarasa. Wanda a ke ganin 'yar ragowa a mako na 4, shi ma ƙarasawa zai yi, kuma galibi ya warke. Awon da ko me ya nuna abu ɗaya za a yi, me a ke nema da shi? Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ba ta neman ƙidaya a tsakiyar magani. Sau biyu ne: ɗaya kafin a fara, don a tabbatar ƙwayar tana nan; ɗaya bayan an gama da mako 12, don a tabbatar ta tafi. Likita yana iya neman wani a tsakiya in yana da dalili, misali in yana shakkar ana shan maganin, ko in wani awon hanta ya tashi. Wannan hukuncinsa ne, ba na zaure ba.

Ni a ganina awon tsakiya, in mutum ya je ya yi da kansa, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Wani mai Adaidaita Sahu ya sha kwalba ta farko, mai ƙwaya 28. Ya ji garau, ya tara kuɗi ya je wani ɗakin awo ba da sanin likita ba. Takarda ta fito, an rubuta ba a ga ƙwaya ba. Ya yi murna, ya ce ya warke, kuɗin kwalba biyun da suka rage ya sa a gyaran mashin. Bayan wata shida ya dawo, ƙwayar ta koma miliyoyi. Abin da bai sani ba shi ne, injin yana da iyaka. In ƙwayar ta yi ƙasa da kamar 10 ko 15 cikin mililita ɗaya na jini, ba ya ganinta. Jini kuwa shi ke fara tsabtacewa, ragowar tana maƙale cikin hanta kamar garwashi ƙarƙashin toka. Kwalba ta biyu da ta uku su ne ke kashe garwashin. Wanda ya katse, wani lokaci sai an nemo masa wani haɗin mai tsada wanda ba ko'ina a ke samunsa ba. Kuɗin awon da ya yi da ya kai shi wani wuri cikin kwalba ta biyu.

Wannan garwashin kuma shi ne dalilin jiran mako 12. Ranar da ka haɗiye ƙwaya ta ƙarshe maganin yana jikinka tukuna, awon ranar ba shaida ba ne. In akwai abin da ya saura, cikin makonnin nan zai taso ya nuna kansa. In mako 12 ya cika ba a ga komai ba, ka warke, waɗanda ta ke dawo musu bayan haka ba su kai 1 cikin 100 ba. A da mako 24 a ke jira, sai aka ga amsar mako 12 kusan daidai ta ke da ita, aka rage. Wannan awo na ƙarshe shi mutane suka fi watsarwa, don jiki ya yi daɗi, aljihu ya yi sauƙi. Tun ranar da ka sayi kwalba ta farko ka fara ajiye kuɗinsa. Ka sa malamin ɗakin magani ya rubuta maka ranar a bayan katinka. Wanda ya gama a farkon azumi, awonsa zai faɗo kamar mako biyu kafin babbar salla.

Amma fa kada wani ya ce na ce an daina awo duka. Kafin a fara, lalle a duba ko kana da B, gama mun ji yadda ta ke da yawa a ƙasarmu, kuma in an kori C, wani lokaci B da ke kwance ta kan farka ta yi ɓarna. A duba ƙanjamau. A duba ko hanta ta ƙandare, domin mai ƙandararriyar hanta a kan ƙara masa makonni, har zuwa 24, kuma a babban asibiti ya kamata a riƙe shi, kamar Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In an haɗa maka da ribabirin, za a riƙa duba yawan jininka, kuma mace ba ta ɗaukar ciki tana shansa, ko mijinta yana sha. Mai ciki ta faɗa tun da wuri. Ka zo wa likita da duk abin da ka ke sha cikin leda, har da na gargajiya. Rifamfisin na masu tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya, suna karya ƙarfin maganin C sarai. Maganin kansa ka saye shi inda likita ya nuna maka, ka duba lambar NAFDAC, kada araha ta ja ka wurin mai talla.

Bayan ka warke, sawun yana nan. In ka je ba da jini, ko awon aure, aka ɗiga jininka a tsinke, zai nuna, kada ka firgita, kada kuma dangin amarya su ta da hankali. Ka adana takardar ƙidayarka ta ƙarshe cikin akwati, ita ce shaidarka. Warkewa kuma ba ta hana sake kamuwa, C kuwa ba ta da allurar rigakafi irin ta B, don haka rezarka taka ce kai kaɗai, allura kuma sai sabuwa da aka ɓare a gabanka. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare zai ci gaba da zuwa hoton ciki duk bayan wata 6 ko da ƙwayar ta tafi, gama tabon yana nan, daji kuma yana iya fitowa a kansa.

Telan nan ya koma Rijiyar Lemo da ranar awonsa a rubuce bayan kati. Na ce ya turo matarsa da wan nasa su ma a ɗiga jininsu a tsinke, tun da ya ce wanzami ɗaya ke yi musu ƙaho shi da wan tun suna samari. Matar ta zo. Wan har yanzu muna jiransa.